Tsaunin da Sai an Ratsa Taɓo



Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Akwai wata tashar jirgin ƙasa a yankin tsaunukan Sikotlan, can arewacin Birtaniya, sunanta Corrour. Duk manyan layukan dogo na ƙasar babu tashar da ta kai ta tudu, don tana mita 408 ne sama da teku, kuma babu titin mota na jama'a da ya iso gare ta. Wanda ya tashi daga nan a ƙafa yana neman kwalta, sai ya shafe kilomita 16 ko fiye. Daga birnin Gilasgo tafiyar kusan sa'o'i 3 ce. Akwai ma jirgin kwana da ke tasowa daga Landan da dare, ya sauke mutum a nan da hantsi. Da zarar jirgin ya ja, shi ke nan, daga kai sai iska.

Gabas da tashar akwai tafkin Ossian, siriri, tsawonsa kamar kilomita 5. Arewa da tafkin kuma ga wani tsauni a kwance, ba shi da tsini, ba shi da wata siffa ta ban tsoro. Shi ne Beinn na Lap, mita 935. Wanda ke zaune a garin Jos, yana shan shayinsa a ƙofar gida, ya fi ƙolin wannan tsauni tudu da mita 200 da wani abu. Saboda haka kada wani ya zaci zancen wani ƙasurgumin dutse za mu yi. Daga tasha zuwa ƙoli a dawo, kilomita 10 ne ko kusa da haka.

To me ke kai mutane can? Wani jeri ne. A shekarar 1891 wani attajiri mai suna Sir Hugh Munro ya wallafa sunayen tsaunukan Sikotlan da suka kai ƙafa 3,000, wato mita 914. A lissafin yau guda 282 ne, kuma sunansa ake kiransu da shi. Shi kansa ya rasu a 1919 bai gama hawansu ba. Wani limamin coci, A. E. Robertson, shi aka rubuta a matsayin wanda ya fara kammalawa, a 1901, kuma daga bisani dubban mutane sun bi sahu. Akwai waɗanda suke ƙare ƙuruciyarsu da albashinsu a wannan ƙirge. Da yawa cikinsu sukan ajiye Beinn na Lap ya zama na ƙarshe, domin yana da sauƙi, ana iya gayyato iyali da abokai su zo a jirgi a hau tare a yi murna.

Sauƙin nan shi ne nake so mu duba, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kana barin tasha za ka bi hanyar burji ta gandun Corrour. Kafin ka kai ga ɗan masaukin matafiya da ke bakin tafkin, wanda asalinsa gidan jirgin ruwan mai gandun ne aka mayar da shi masauki a 1931, hanya za ta rabu, ka yi hagu. Ɗan gaba kaɗan sai ka bar burjin ka fuskanci gangaren. Daga takun farko za ka gane inda ka shigo. Ƙasar tana motsi. Ka taka, ta lotsa, ruwa mai kalar shayi ya taso ya zagaye takalminka, ka ɗaga ƙafa ta yi ƙara kamar ba ta son sakinka. Taku na biyu ya tsaya a idon sawu. Na uku, a wurin da ido ya ce maka duk ɗaya ne, sai ka ji ka zurma har gwiwa.

Masu yawon nan suna da karatun ƙasa, kuma karatun kusan kishiyar abin da ido ke so ne. Wurin da ya fi kyau, kore shar, a baje sumul kamar an shimfiɗa darduma, shi ne mugun wuri, gansakuka ce kawai ta rufe ruwa. Inda ka ga ciyawa mai farin kai kamar auduga, a jiƙe yake. Inda ka ga ƙananan tsirrai masu kaushi, masu sanda-sanda, waɗanda ke fitar da fure ja-ja a watan Agusta, nan ne ƙafa za ta samu abin takawa. Akwai kuma dunƙule-dunƙulen ciyawa masu kama da tudun tsira, amma kana ɗora ƙafa sai su juya da kai, kuma sukan jawo targaɗe. Gwanaye sukan bi sawun bareyi, don dabbar ba ta son wahala, ta san busasshiyar hanya. Sanda kuwa ta gwaji ce, kana soka ta gabanka kafin ka ba wuri amana. In ka zurma, kada ka fizgi ƙafa da ƙarfi, sai ka fito da ita babu takalmi. Ka jingina baya, ka baza nauyinka, ka zaro ta a hankali.

Wani ɗan ƙasar mai suna William Naismith ya kafa ƙa'idar lissafin tafiya a 1892, har yau ana amfani da ita: sa'a guda ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a guda ga kowane hawan mita 600. Ƙa'ida ce mai kyau a kan busasshiyar ƙasa. A cikin taɓo kuwa, inda kake tafiya kana kewaye, kana tsalle, kana komawa baya ka sake zaɓen wuri, lissafin yakan rushe. A ganina nan haɗarin gaske yake. Ba a cika jin taɓo ya haɗiye mutum ɗungurungum ba. Abin da yake yi shi ne ya jiƙa ka, ya gajiyar da kai, ya cinye maka lokaci. Sauran aikin sanyi ne zai ƙarasa. Duk hawan mita 150 sanyi na ƙaruwa da kusan maki guda a ma'auni, ga iska ba abin da ke tare ta. Rigar auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Mutum ya fara rawar ɗari, daga nan magana ta fara sarƙewa, tunani ya dushe, ya zauna wai zai huta kaɗan. A watan Disamba hasken rana bai wuce sa'o'i 7 ba a wannan yanki. Wanda ya makara a taɓo, duhu ne zai same shi a sama.

Hazo ma ba ya sallama. Kana kallon tafkin a ƙasa, kafin ka ɗaure igiyar takalmi ka ɗago, komai ya zama fari. A tsauni mai faɗin baya irin wannan, duk inda ka juya iri ɗaya ne. Shi ya sa har gobe ake cewa a riƙe taswirar takarda da kamfas, a kuma iya aiki da su, domin sanyi na kashe batirin waya, sabis kuma sai an dace. Masu aikin ceto a tsaunukan ƙasar 'yan sa kai ne, malamai da makanikai da ma'aikatan jinya, waɗanda za a tasa daga barci su fito neman wanda ba su taɓa gani ba. Ƙaramin mutuncin da mai hawa zai yi musu shi ne ya faɗa wa wani inda za shi da lokacin da zai dawo.

Wanda ya ce to bari ya jira bazara, watan Yuni, lokacin da gari ke da haske har bayan ƙarfe 10 na dare, shi ma akwai masu jiransa. Wasu ƙudaje ne ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke ganin guda, amma a dubbai suke zuwa, su shiga gashi da kunne da hanci. A jiƙaƙƙiyar ƙasar nan suke hayayyafa. Sa'ar da ake da ita ita ce ba sa iya tashi in iska ta ɗan yi ƙarfi, don haka a Sikotlan kaɗai za ka ji mai yawo yana addu'ar iska ta taso. Ga kuma kaska a cikin ciyawa, wadda ke iya sa cuta, sai an duba jiki da yamma.

In ka daure ka kai doron tsaunin, ƙasa za ta yi tauri, tafiya ta yi daɗi. Ka bi doron zuwa arewa maso gabas har ka iske ɗan ƙaramin kududdufi da tarin duwatsun da ke nuna ƙoli. Ranar da gari ya waye garau za ka hango Ben Nevis, tsauni mafi tsayi a Birtaniya, mita 1,345, ga Ben Alder ta gabas. Ta kudu kuwa fadamar Rannoch ce a shimfiɗe, murabba'in kilomita kusan 130 na ruwa da taɓo da duwatsu. Mai ƙirgen tsaunuka zai taɓa tarin duwatsun, ya ɗauki hoto, ya juyo yana tsine wa caɓin da zai sake ratsawa. Ni kuwa ina ganin ya bar muhimmin abu a baya. Ƙoli dutse ne kamar kowane dutse. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne abin da ya ɓata masa wando.

Wannan baƙin taɓo ba laka ba ce irin ta bakin kogi. Gawar tsirrai ce da ta ƙi ruɓewa. Gansakukar da ke samansa tana iya riƙe ruwan da ya ninka busasshen nauyinta har sau 20, tana kuma sa ruwan ya yi tsami. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga sanyi, ga rashin iska a ƙarƙashi, sai ƙwayoyin da ke ruɓar da abu su kasa aiki. Gansakukar tana tsiro ta sama tana mutuwa ta ƙasa, matacciyar tana taruwa, kusan milimita 1 a shekara. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya zurma har gwiwa, ya ratsa tarin shekaru 400 zuwa 500 da taku guda. Inda ruwa ya yanka kwazazzabo a fadamar Rannoch, ana ganin kututturan itatuwa farare fat, saura daga dajin da ya rufe wurin shekaru dubbai da suka wuce, ba su ruɓe ba. Har a yaƙin duniya na farko an riƙa tara gansakukar nan buhu-buhu a Sikotlan ana ɗaure raunukan sojoji da ita, saboda tana shanye jini kuma ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗinta.

Waɗanda suka raina wannan ƙasa sun sha mamaki. A watan Janairun 1889, lokacin da ake shirin shimfiɗa layin dogon, mutum 7 suka tashi daga gefen tafkin Treig za su ratsa fadamar a ƙafa don duba hanya. Akwai injiniyoyi, da lauya, da wakilan masu gandaye, da ɗan kwangila Robert McAlpine wanda daga baya ya shahara. Manyan mutane, a tsakiyar hunturu. Dare ya same su a taɓo, suka rarrabu, wasu suka kasa tafiya. Makiyayan tumaki na wani wuri da ake kira Gorton su ne suka fito suka tattaro su. Da aka zo aikin kuma, duk duwatsun da aka zuba sai fadama ta haɗiye. A ƙarshe dabarar da ta yi aiki ita ce a daina neman ƙasa mai tauri. Aka shimfiɗa saiwoyi da rassan itatuwa, aka bi da ƙasa da toka dubban tan, aka ɗora dogo a kai yana yawo bisa taɓon. Kuɗi suka ƙare ana tsakiyar aiki, sai da wani darektan kamfanin jirgin, J. H. Renton, ya sa dukiyarsa, leburori kuma suka sassaƙa fuskarsa a dutse a tashar Rannoch don godiya. An buɗe layin a 1894. Jirgin da ya kawo ka Corrour, a kan wannan shimfiɗa ya bi.

Sai masu dashen itace. Sir John Stirling Maxwell ya sayi gandun Corrour a 1891, ya yi shekaru yana gwada yadda za a sa itace ya kama a baƙin taɓo: a haƙa lambatu ruwa ya tsiyaye, a kifa ɓawon ƙasa a dasa a kai. Dajin da ke gefen tafkin Ossian aikinsa ne. Daga baya ya shugabanci hukumar gandun daji ta Birtaniya, dabarun kuma suka bazu. Da manyan garmunan inji suka samu, aka shiga yanka fadamu ba ji ba gani. Abin ya fi muni a shekarun 1980 a can ƙuryar arewa, yankin Caithness da Sutherland, inda attajirai suka riƙa zuba kuɗi a dashen itatuwan waje don samun rangwamen haraji. Aka tsiyaye dubban hektoci, tsuntsayen fadama suka rasa wurin sheƙa, itatuwan kuma da yawa ba su yi wani abin kirki ba. A kasafin kuɗin 1988 aka soke rangwamen.

Yanzu ga abin da ya juya. Fiye da kashi 20 cikin 100 na ƙasar Sikotlan irin wannan taɓo ne, kuma an ƙiyasta yana riƙe da sinadarin kabon fiye da tan biliyan 1.5, ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin dukan dazuzzukan ƙasar. Muddin yana jiƙe, kabon ɗin na kulle. Da zarar ya bushe, iska ta shige shi, ruɓewar da aka dakatar shekaru dubbai sai ta kama, ya riƙa fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Mafi yawan fadamun ƙasar kuwa sun lalace, wasu kaɗan wasu sosai. Don haka gwamnatin Sikotlan ta yi alkawarin fam miliyan 250 don gyara hekta 250,000 kafin 2030. Gyaran me? Toshe lambatun da aka haƙa da kuɗin gwamnati, da sare itatuwan da aka dasa da rangwamen gwamnati. A 2024 hukumar UNESCO ta sa waccan fadamar ta ƙuryar arewa cikin wuraren tarihi na duniya, karo na farko da irin wannan ƙasa ta samu shiga.

Akwai kuma wani ruɗi da ke kama baƙo a ƙolin nan. Ya duba gabas da yamma bai ga gida ba, ya ce Allah mai iko, ga ƙasar da ɗan Adam bai taɓa ba. Ba haka ba ne. Ta gefen Corrour tsohuwar hanyar fataken shanu ta bi, waɗanda ke koro garke daga yamma zuwa kasuwannin Crieff da Falkirk. A kwaruruwan tsaunukan nan akwai kufan bukkokin dutse, inda mata da yara ke hawowa da shanu su yi bazara suna kaɗa man shanu da cuku. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu ƙasa a sassa da yawa na yankin suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, suka tashe su. A Strathnaver har gidaje aka ƙona a 1814 da 1819. Jikokinsu suna Kanada da Ostireliya da unguwannin Gilasgo. Da ribar tumaki ta faɗi, aka mayar da ƙasar filin farautar bareyi na masu kuɗi. Kyarketai an ƙarar da su tun ƙarnoni da suka wuce, don haka babu mai rage bareyin sai bindiga. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 1 a ƙasar, suna cinye duk tsiron itacen da ya leƙo, suna tattake taɓo ya tsage. Tsiraicin da ake yabawa a hoto, rabinsa aikin haƙori ne da kofato.

Har yanzu kuma ƙasar a hannun 'yan tsiraru take. Binciken Andy Wightman ya nuna masu mallaka ƙasa da 500 ne ke riƙe da rabin filayen karkara masu zaman kansu. Gandun Corrour kaɗai ya kai hekta 23,000, kuma tun 1995 yana hannun Lisbet Rausing, daga iyalin da suka yi arziki da kamfanin Tetra Pak. Sai dai a nan dole in yaba wa ƙasar kan abu guda. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowa haƙƙin ratsa kusan kowane fili a ƙafa, har ya kafa tanti ya kwana, in dai zai kiyaye: kada ya shiga harabar gida ko shuka, kada ya bar shara, ya kula da lokacin farauta. Ɗalibinmu da ke karatu a Gilasgo ko Aberdeen, in ya sayi tikiti ya sauka a Corrour, ba ya buƙatar izinin kowa. Babu mai gadi, babu kuɗin shiga. A Ingila, maƙwabciyarsu, haƙƙin bai kai haka faɗi ba.

Inda nake da shakka shi ne sabon cinikin da ya taso. Tunda aka gane taɓo kuɗi ne, kamfanoni da masu zuba jari suka shiga sayen gandaye don su gyara fadama su sayar da takardun shaidar rage kabon ga masu gurɓata iska a wani wuri. Farashin ƙasa ya tashi. Al'ummomin da ke son haɗa kuɗi su sayi ƙasar da suke zaune a kai, kamar yadda manoman Assynt suka yi a 1993, da mutanen tsibirin Eigg a 1997, da na Knoydart a 1999, yanzu suna gasa da aljihun da ba za su iya ja da shi ba. Shekaranjiya tumaki, jiya bareyi, yau kabon, mai ƙasa dai yana nan, ɗan ƙauye yana kallo. Ban ce kada a gyara fadamar ba, gyaran wajibi ne. Tambayar ita ce wa ke karɓar kuɗin, kuma makarantar firamaren ƙauyen za ta samu yara ko za a rufe ta.

Aikin gyaran kansa ma bai kai saurin da aka yi alkawari ba, shekara da shekaru an yi ta gaza adadin da aka sa. Cikin dalilan har da ƙarancin direbobin da suka iya sarrafa motar haƙa mai faffaɗan ƙafa a kan ƙasar da ke motsi ba tare da sun nutsar da ita ba. Ga lokacin aikin gajere: da bazara tsuntsaye na kan ƙwai, ba a shiga, da hunturu kuma ƙanƙara ta rufe hanya. Yanzu ana horar da matasan yankin wannan sana'a, kuma a iya ganina ita ce riba ta farko da ta fara shiga aljihun mazauna wurin kai tsaye.